Yadda Ma'aikacin Gidan Waya Zai Kare Sirrin Jama'a, Daga Kanta Zuwa Ƙofar Gida

Ambulan a rufe yake zuwa, amma bayansa yana magana. Duk wanda ya yi shekara biyu yana tantance wasiƙu a gidan wayar gari ya san gidan da takardar kotu ke zuwa, ya san dattijon da ɗansa ke aiko masa kaya daga Saudiyya, ya san matar da asibiti ke rubuto wa a kai a kai, ya san ɗan kasuwar da banki ya matsa wa lamba. Bai buɗe ko ɗaya ba. Tambarin ma'aikatar da ta aiko, kan sarkin ƙasar waje, da yawan zuwan takardar sun ishe shi gane komai. Aiki ne ya ɗora masa wannan sani, kuma amana ce a wuyansa.

A Najeriya maganar tana da doka a bayanta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci wasiƙun mutane a cikin abubuwan da aka tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsu, tare da gidansa da maganganunsa na tarho. A ranar 12 ga Yuni, 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa NDPC, hukumar da ke sa ido kan kare bayanan jama'a, kuma ta shafi ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta shafi bankuna da kamfanonin waya. Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, wadda aka ware daga tsohuwar ma'aikatar gidan waya da sadarwa ta P&T a 1985, tana ciki tsundum, domin kullum sunaye da adireshi da lambobin wayar mutane na ratsa hannun ma'aikatanta. Ga manyan masu riƙe bayanai da suka karya dokar, tara na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

A ganina, ba 'yan kutsen intanet ne babbar matsalar ƙaramin gidan waya ba. Sirri ya fi fita ta baki, ta sanayya, ta kara, da ta takardar da aka yar a kwandon shara. Saboda haka matakan nan za su bi ka yadda ranar aikinka take tafiya.

Mataki na 1: Ka san abin da ke hannunka

Kafin ka kare abu sai ka gane shi. Bayanin mutum shi ne duk abin da za a iya gane shi da shi: suna, adireshi, lambar waya, sa hannu, hoto, lambar NIN ko BVN. A gidan waya akwai ƙari. Sunan mai akwatin gidan waya lamba kaza bayani ne. Wanda ya aiko wa wane kaya, da ranar da ya aiko, bayani ne. Fom ɗin kwastam na CN22 da CN23 da ake mannawa a kayan ƙasar waje yana ɗauke da abin da ke ciki da kuɗinsa. Hatta lambar bin sawun kaya, mai haruffa da lambobi 13 da ke ƙarewa da NG idan daga nan aka aika, tana nuna wa mai ita inda kayan suke da ranar da za su iso, kuma ɗan damfara zai iya amfani da ita.

Dokar ta ware wasu bayanai da ta ɗauka sun fi haɗari: lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, ƙungiyar ƙwadagon da yake ciki, da tambarin yatsunsa. Idan kana ofishin kula da ma'aikata, fayil ɗin abokan aikinka cike yake da irin waɗannan: takardar likita, albashi, bashin banki, takardar tuhuma. Su ma hakkinsu ɗaya da na mai kawo wasiƙa.

Tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kanka: aikin da ke gabana yanzu yana buƙatar in san wannan? Idan ba ya buƙata, kada ka duba, ko da fayil ɗin a buɗe yake a kan tebur, ko da kwamfuta ta ba ka dama.

Mataki na 2: A kanta

Ka karɓi abin da fom ya nema kawai. Mai aika wasiƙar rajista ba shi da dalilin ba ka BVN. Idan wani aiki ya buƙaci katin shaida, ka gaya wa mutum dalili, ka duba, ka rubuta abin da aka ce a rubuta, ka mayar masa. Kada ka ɗauki hoton katin da wayarka wai don sauƙi. Wayarka tana zuwa gida, yara suna wasa da ita, tana zuwa wurin mai gyara, kuma ana sace ta.

Ka rage murya. Yawanci layi a matse yake, na baya yana jin numfashin na gaba. Maimakon ka karanta adireshi da lambar waya da ƙarfi, ka juya takardar ka nuna wa mai ita: "Hajiya, duba nan, haka yake?" Idan dattijo ne da bai iya boko ba kuma kai za ka cike masa, ka matso da shi gefe, ka karanta masa a hankali abin da ka rubuta kafin ya dangwala. Kada ka miƙa fom ɗinsa ga na bayansa a layi ya taya shi, sai idan shi ya nema.

Littafin sa hannu shi ne inda aka fi sakaci. Mutum ya zo karɓar kayansa, an tura masa babban littafi, kafin ya gano layinsa ya karanta sunayen mutum ashirin da lambobin wayarsu. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: ka yanki kwali ka rufe layukan sama, ka bar masa nasa kaɗai. Haka ma fuskar kwamfuta, ka karkata ta yadda na waje ba zai gani ba.

Idan mace mai niƙabi ta zo karɓar kayan da sai an tabbatar da fuska, a samu ma'aikaciya ta duba ta a keɓe. Ba a fasa tantancewa ba, ba a kuma tozarta ta ba.

Mataki na 3: A ɗakin tantance wasiƙu

Ɗakin nan na masu aikin ne kaɗai. Aboki da ya zo gaisuwa, mai kawo abinci, ƙanen da ya zo karɓar kuɗin cefane, duk su tsaya a waje. Waya ta zauna a aljihu. Hoton da aka ɗauka don nishaɗi aka sa a Facebook, idan aka zuƙo shi, sai ka ga adireshin mutane a bayan mai murmushin.

Buɗe wasiƙar wani, ɓoye ta, ko jinkirta ta da gangan laifi ne da ake hukuntawa, kuma kowane ma'aikaci ya san haka. Inda ake ruɗewa shi ne idan abu ya zo a yage. Ambulan ya fashe a jaka, ko ruwa ya jiƙa kwali ya buɗe. A nan ka yi abu huɗu a jere: ka ɗaga hannu daga kansa, ka kira mai kula da sashe, ku mayar da abin da ya zubo ku manne a gaban juna ba tare da karantawa ba, sannan ku rubuta lambar kayan da yanayin da ya zo, ku sa hannu ku biyu. Shaidar nan kai take karewa ranar da mai kaya ya ce an taɓa masa abu.

Idan kuma ka yi zargin kaya, wari ko nauyi ko zubar wani abu, ba aikinka ba ne ka farke ka gani. Ka ware shi ka sanar da shugaba. Jami'an kwastam da na NDLEA suna da hurumin bincike bisa doka, kai ba ka da shi. Wasiƙar da aka rasa mai ita ta koma wa wanda ya aiko, ko ta bi hanyar da ofis ya tanada. Ba a ajiye ta a durowa, ba a kai ta gida.

Masu zuba wasiƙu a akwatuna su duba lamba sau biyu. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya kai takardar bankin wani hannun maƙwabcinsa. Jakar da ta iso kuma, ka duba hatiminta kafin ka yanke. Idan ya nuna alamar an taɓa, ka rubuta tun kafin ka buɗe.

Mataki na 4: A kan hanya da ƙofar gida

A nan aikin ya fi wuya, domin babu shugaba a kusa, kuma garuruwanmu ba duka ne suke da lambar gida a bayyane ba. Adireshi yakan zo da kwatance: bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai unguwa, layin mai goro. Dole ka yi tambaya. Ka tambayi gida kawai. "Salamu alaikum, don Allah ina ne gidan Malam wane?" ya wadatar. Masu zaman majalisa za su ce, "Lafiya? Daga ina?" Ka ce, "Lafiya lau, saƙo ne daga gidan waya." Kada ka ɗaga ambulan su ga tambari, kada ka ce daga kotu ne ko daga asibiti. Kafin ka kai ƙofar, labari ya riga ka shiga.

Sai matsalar takwara. A layi ɗaya za ka iya samun Muhammad Sani uku da Aisha Abubakar huɗu. Ga kayan rajista da na EMS, wato saƙon gaggawa, ka haɗa suna da wani abu na biyu, katin shaida ko lambar wayar da ke jikin kayan. Ka sa shi ya faɗi lambar. Kada kai ka karanta masa ya ce e.

A gidan da ba a shiga, al'ada ce a aiki yaro ya yi sallama da matar gida. Ka aiki yaron da sallama, kada ka aike shi da takardar da ke buƙatar sa hannu. Ka jira a zaure ta zo, ko ta wakilta wanda ta yarda da shi ta hanyar da ofishinku ya amince. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ka tabbatar wadda aka rubuta wa ce ta karɓa. Gidan haya mai ɗaki goma kuwa, "bar shi a wurina zan ba shi" ba hujja ba ce, komai kirkin mai faɗa. Idan mai kaya ba ya nan, ka bar takardar sanarwa wadda ba ta bayyana abin da ke ciki ba, ka koma da kayan ofis a ranar.

Jakarka kada ta rabu da jikinka. Ba a barin ta a kan babur a shiga masallaci, ba a ajiye ta a bencin mai shayi a zagaya. Idan lokacin salla ya yi, ka shiga da ita ka ajiye a gabanka. Takardar jerin gidajen da za ka bi, ita ma ka mayar ofis. Kada ta kwana a aljihunka.

Ga wata magana da ba a cika faɗa a taron horaswa ba. Lambar wayar da ke jikin kaya don isar da kayan aka bayar. Wanda ya kai wa budurwa saƙo da rana, da dare ya kira ta "don a gaisa," ya ci amana kuma ya karya doka, ko da aure yake nufi. Haka wanda ya tattara lambobin ya ba mai tallan magani ko ɗan siyasa. Da ka gama isarwa, ka goge lambar daga wayarka.

Mataki na 5: Idan an zo tambayarka

Baƙo ba ya wahalar korewa. Wanda ke da wuya shi ne wanda kake jin nauyinsa: surukinka, limamin unguwarku, mai gidan da kake haya, tsohon shugabanka. Kara tana da kyau, amma ba da kayan wani ake yin ta ba. Tun kafin su zo ka tanadi amsa, domin wanda bai shirya ba shi ke inda-inda har magana ta suɓuce.

Magidanci ya zo ya ce, "Malam, matata tana da akwati a nan, ina so in san masu rubuto mata." Ka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba mu da ikon faɗin wanda ke da akwati ko abin da ke shigowa. Kai ma idan wani ya zo tambaya a kanka, amsar da zai samu ke nan." Ka lura, ba ka ce tana da shi ba, ba ka ce ba ta da shi ba. Wannan jimla ta ƙarshe tana kashe yawancin gardama, domin kowa yana son a rufa masa nasa asirin.

Mai bin bashi ya ce a ba shi sabon adireshin wanda ya tashi daga unguwa. Ka ce, "Yallaɓai, ba ma bayar da adireshi. Idan kana da wasiƙa, rubuta ka kawo a aika." Ba ka san dalilin tashin mutum ba. Wata macen gudun duka ta yi, adireshin da za ka bayar don kunya zai iya zama ajalinta.

Babba a gari ya aiko a duba masa wani abu. Ka amsa da ladabi: "A gaya wa ranka ya daɗe abin ya fi ƙarfina, sai dai a rubuto wa shugaban ofis." Tura magana sama ba raini ba ne, kuma yana sauke maka nauyi.

Jami'in tsaro kuma, kaki da katin aiki ba su isa ba. Buƙata ta zo a rubuce daga ofishinsa, ko da umarnin kotu, ta shiga hannun shugaban gidan waya, shi ma ya nemi shawarar sashen shari'a ko jami'in kare bayanai na hukuma. Kai naka shi ne ka rubuta sunansa, ofishinsa, rana da lokaci, da abin da ya nema, ka raka shi wurin shugaba. Ɗan jarida ko lauya da ya zo da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, shi ma hanyarsa ke nan. Dokar da kanta, a sashe na 14, ta keɓe bayanan sirrin mutane daga abin da ake bayarwa kai tsaye.

Ta waya kuwa, ka ɗauka ba ka san mai magana ba, ko ya ce daga hedikwata a Abuja yake. Ka ce zai ji daga gare ka, ka kashe, ka kira lambar ofis da ka riga ka sani.

Akwai mutum ɗaya da bai kamata a kora ba: mai bayanin da kansa. Doka ta ba shi damar sanin abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara kuskure. Ka tabbatar shi ne, sannan ka nuna masa inda zai shigar da buƙatarsa.

Mataki na 6: Kwamfuta da waya

Kowa da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. Idan ka ara wa abokin aiki taka don ya yi sauri, duk abin da ya yi da sunanka aka rubuta. Kada ka manna ta a jikin allo ko ƙasan maɓallan rubutu. Za ka tashi ko na minti biyu ne, ka kulle fuskar.

Jerin sunayen abokan hulɗa ba ya bin WhatsApp ko imel ɗinka na kanka, sai hanyar da hukuma ta tanada. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne idan wuta ta ɗauke ko tawadar firinta ta ƙare, a ɗauki fayil a filashi a kai shagon buga takardu na bakin titi. An buga, an biya, an tafi, kwafin yana nan a kwamfutar shagon har illa ma sha Allahu. Gara aikin ya jira. Kwamfutar ofis da ta lalace ma, sashen fasaha na hukuma ne zai duba ta, ba a kai ta kasuwa da bayanan jama'a a ciki.

'Yan damfara suna tura wa mutane saƙon cewa kayansu sun maƙale a gidan waya, su biya kuɗi ta wani mahaɗin intanet (link). Saƙon ya fi kama mutum idan yana ɗauke da sunansa na gaskiya da lambar kayansa, kuma waɗannan daga wani wuri suka fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mataki na 7: Tsofaffin takardu

Kowa ya taɓa sayen tsire ko ƙosai a takardar da ke ɗauke da sunan wani da hatimin ofis. Haka sirri ke ƙarewa idan aka bar masinja ya sayar da "tarkace" a kilo. Rasit, kwafin fom, cikakken littafin sa hannu, duk su shiga kabad mai makulli, makullin kuma a san wanda ke riƙe da shi. Kada ka ƙona ko ka yaga da ra'ayin kanka, domin takardun gwamnati suna da wa'adin ajiya, kuma wata rana shari'a za ta iya neman su. Idan wa'adi ya cika aka ba da izini a rubuce, a niƙa su da inji ko a ƙona su ƙurmus a gaban shaida, a rubuta abin da aka lalata da ranar. Fom ɗin da aka ɓata wajen cikewa ma a yayyaga shi ƙanana kafin ya shiga kwando.

Ranar da aka yi maka canjin wurin aiki ko ka yi ritaya, ka miƙa makullai da littattafai a rubuce, ka sa a rufe sunan shigarka. Abin da ka sani game da mutane yana nan a matsayin amana bayan ka ajiye aiki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mataki na 8: Idan ta riga ta faru

Jaka ta faɗi daga babur. An ba wani kayan wani. Littafi ya ɓace. Ka tura fayil ga lambar da ba ita ba. Abin da zuciya za ta fara raya maka shi ne ka yi shiru ka nema a ɓoye. Kada ka bi ta. Doka ta ba hukuma awa 72 daga lokacin da ta sani ta sanar da NDPC idan ɓarakar na iya cutar da mutane, kuma kowace awa da ka ɓoye, masu bayanan ne ke zaune cikin haɗari ba su sani ba.

Da farko ka tsayar da ɓarnar idan da hali: ka koma gidan da ka kai kayan bisa kuskure ka karɓo, ka canza kalmar sirri, ka cire kwamfutar daga intanet. Sannan nan take ka gaya wa shugabanka da baki, ka bi da rubutu a ranar. Rahoton ya ƙunshi abin da ya faru, wuri da lokaci, irin bayanan da abin ya shafa, kimanin mutum nawa, wanda kake jin ya gani, da abin da ka riga ka yi. Ka rubuta abin da ka sani kawai, ba tare da ƙawatawa ko ɗora wa wani ba. Kada ka goge saƙo, kada ka gyara littafi, kada ka cike gurbin sa hannun da babu. Masu bincike suna buƙatar abin yadda yake, kuma gyaran ya fi kuskuren muni. Idan sata ce ko fashi, ofis zai kai rahoto wurin 'yan sanda.

Idan laifin na abokin aiki ne ka gani, hanyar ɗaya ce. Idan kuma shugaban ne da kansa, ka kai wa na sama da shi ko jami'in kare bayanai na hukuma.

Sanar da waɗanda abin ya shafa aikin hukuma ne, kuma idan haɗarin babba ne doka ta ce a gaya musu ba tare da jinkiri ba. Idan kai aka wakilta, ka faɗa wa mutum abin da ya fita, ranar da ya fita, da abin da zai yi yanzu: ya sanar da bankinsa idan takardar banki ce, ya yi hattara da duk kiran da za a ce daga gidan waya ne ana neman kuɗi ko lambar sirri, sannan ka ba shi lambar ofis da sunan sashen da zai tuntuɓa idan ya ga wani abu.